Wa zai gyara jirgin in ya lalace?

A bazarar da ta wuce, wani dare da zafi ya hana kowa kwana cikin ɗaki, muna zaune a fadarmu ta ƙofar gida a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun la'asar, mata kuma sun jera bidon-bidon a bakin pampo suna jiran ruwan da ba ya zuwa sai tsakar dare, in ma ya ga dama. Ɗan yayata, wanda ya karanta aikin lantarki ya ƙare amma yau kabu-kabu yake yi, ya miƙo mini salularsa da hoton jirgi maras matuƙi, irin waɗanda ƙasarmu ta sayo daga Turkiyya a 2022. Ya ce, "Kawu, don Allah kuɗin wannan guda ɗaya, foraj nawa zai haƙa mana?" Kafin in buɗe baki, dattijon maƙwabcinmu, tsohon soja da ya yi zaman Difa, ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Ɗana, ba don irin wannan ba, da ba ka sami zaman da za ka yi lissafin foraj ba."

Daren nan ban ce komai ba, don yaron yana da gaskiyarsa, Baba ma yana da tasa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma da na yi ta juya ta sai na ga su biyun sun tsaya ne a kan abu ɗaya ba su sani ba. Kowannensu yana ɗaukar cewa kasuwa za mu je, kuɗi a hannu, gardamar kawai ita ce me za a sayo. Ni a nan nake da ja.

Bari in fara ba Baba haƙƙinsa, don wanda bai taɓa karɓar gawar ɗansa cikin tuta ba bai kamata ya yi saurin magana ba. A Disamban 2019 an kashe mana soja 71 a Inates. Wata ɗaya bayan haka, a Janairun 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. Mu nan Damagaram mun ga abin da Boko Haram ta yi wa Difa da Bosso tun daga 2015, mun ga yadda cinikin tattasai da busasshen kifin tafkin Cadi da ke ratsowa ta garinmu ya durƙushe, mun ga baƙin da suka sauka a gidajen dangi da ƙullin kaya ɗaya. Ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, mafi yawanta hamada, ba a tsaronta da ƙafa da Toyota kaɗai. Ana bukatar ido a sama. Kuma makarantar da aka rufe saboda malami ya gudu da ransa ba ta koyar da kowace irin kimiyya. Duk na yarda da wannan, ba don kara ba.

Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne lokacin da suka ƙara da cewa kuɗin da aka zuba a kayan soja zai dawo wa farar hula ta hanyar fasaha. Hujjarsu kullum guda biyu ce, intanet da GPS, kuma duka biyun gaskiya ne. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta tsorata ta kafa hukumar bincike ta ARPA a 1958 ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kuma da kuɗin wannan hukuma aka haɗa kwamfutoci na farko a 1969, abin da ya girma ya zama intanet. GPS ma na sojan Amurka ne. Sai bayan da aka harbo wani jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya a 1983 aka yi alkawarin buɗe shi ga kowa, kuma sai a shekarar 2000 aka daina rage masa kaifi da gangan. Yau direban da ke ratsa Tenere da shi yake gane hanya.

To amma a dubi inda kuɗin ya sauka. Kwamfutocin nan huɗu na farko ba a bariki suke ba. Uku a jami'o'i suke, biyu a Kalifoniya ɗaya a Yuta, ta huɗun kuma a wata cibiyar bincike ta Stanford. Soja ne ya biya, amma malaman jami'a da ɗalibansu ne suka karɓa, suka yi aikin, suka riƙe ilimin a kawunansu, daga baya suka fita suka kafa kamfanoni. Kuɗin ya fita daga aljihun dama ya shiga na hagu, rigar ɗaya ce. Mu kuwa in muka sayi jirgi, kuɗinmu masana'antar Istanbul yake tafiya. Injiniyan da zai ƙara gogewa Baturke ne, ɗalibin da za a ɗauka aiki Baturke ne. Abin da ke iso mana akwati ne a rufe, da takardar da ta ce kada a buɗe, da lambar wayar wanda za a kira in ya ƙi tashi. Kayan gyaransa daga can, manhajar da ke cikinsa daga can. Ranar da aka ɓata da mai kayan, ko kuɗin waje suka yanke, ƙarfe ne kawai a ajiye cikin rumfa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Mun ma ga misalin da idonmu. Amurkawa sun kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jiragensu a Agadas, kuma dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Da suka tashi a 2024 sun bar titin jirgi da gine-gine. Jiragen da sanin yadda ake sarrafa su sun bi masu su gida.

Labarin kamfanin da ya ƙera jirgin da ke cikin salular yaron nan shi ya fi ba ni sha'awa. Baykar ba da makami ya fara ba. A shekarun 1980 ƙaramin kamfani ne da ke yanka kayan gyaran motoci. Ɗan mai kamfanin, Selçuk Bayraktar, ya yi karatun injiniya a gida, ya ƙaro a Amurka, ya dawo ya tarar da ƙasa mai wutar lantarki, mai masana'antun ƙarfe, mai dubban matasa da suka iya lissafi da walda da rubuta manhaja. A kan wannan shimfiɗar jirgin ya tashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kuma ba sai mun je Turkiyya neman darasi ba, ga shi a bayan gidanmu. Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram daga wajen 1851 zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, kuma a zamaninsa ana zuba igwa a nan cikin gari, ana haɗa albarushi. Ban manta ba cewa wani ɓangare na dukiyar da ta ɗauki nauyin wannan ƙarfi daga hari da cinikin bayi ta fito, wannan ba abin alfahari ba ne. Abin da nake so a lura da shi shi ne su wa suka yi aikin. Maƙera ne. Mutanen da kakanninsu suka san narka tama, waɗanda da damina ta matso hauya da gatari da lauje suke ƙerawa. Sarki bai ƙirƙiro su ranar da ya bukaci igwa ba, ya tarar da su ne da zuga-zuginsu da uwar maƙerarsu, garin kuma cike da majema da marina da fatake masu kai fata da gashin jimina har Tarabulus. Sana'ar gari ce ta haifi makamin fada. Da maƙeran ba su nan, ko raƙumi dubu na dukiya Tanimun ya tara, sai dai ya saya daga hannun Larabawa ya zauna jiran ayari.

Igwar ba ta hana Faransawa cin garin a 1899 ba, bayan karon Tirmini, don masana'antar da ke bayan bindigarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da ya fi wannan ciwo a wurina. Damagaram ce hedikwatar mulkin Nijar har zuwa 1926, lokacin da aka kwashe aka kai Yamai, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin ruwa. Garinmu a kan dutse yake zaune, duk wanda ya ga manyan duwatsun da ke tsakiyar unguwanni ya san haka, ruwan ƙasa ba ya taruwa a nan. Shi ya sa ake janyo shi daga nesa, daga Gogo da Machaya, daga Arungauza, daga baya kuma daga Ganaram. Wato ba maƙiyi ne ya raba mu da matsayinmu ba, ƙishirwa ce. Kusan shekara ɗari ke nan, kuma har yau ƴan garuwa su ne sarakunan bazara, yarinya tana makara a lakwal saboda ta kwana a layin pampo. In ana lissafin fasahohin da rayuwar ƙasa ta rataya a kansu, ni na Damagaram ba zan yarda a tsallake ilimin gano ruwa a ƙarƙashin ƙasa, da injin turo shi, da wutar da za ta juya injin ba.

Wutar ma ita ce ta tona mana asiri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta yanke lantarkin da take sayar mana, wanda a lokacin ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Mu nan ta layin Katsina zuwa Gazawa yake zuwa mana. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, makunni kawai aka taɓa. Mai walda ya zauna, tela ya koma keken ƙafa, mai ƙanƙara ta yi asarar jarinta, ma'aikatan lafiya suka shiga fargabar allurar rigakafin da ke cikin firji, a yankin da sanƙarau ke ziyarta da rani. Ko jirage ɗari ne a filin Yamai, ba wanda zai iya maido da wutar nan. Ƙasar da ake haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, ana kunna fitilun wasu da shi, ita ce ta kwana a duhu. Madatsar Kandaji, wadda aka ce za ta ba da megawat 130, tun 2008 aka aza tubalinta. Yaran da aka haifa a shekarar sun fara gemu.

Abin takaicin shi ne mun taɓa kama hanya. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar hasken rana ne tun lokacin da duniya ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, inda aka riƙa ƙera na'urar dafa ruwa da murhun rana a nan cikin gida. Ya rasu a 1991. Yau duk faifan solar da ka gani a kan rufin gidajen Sabon Gari da Zango daga Sin aka kawo shi, alhali ranar da ke dukansa tamu ce. Da an ɗore da ba wannan aiki ko da ɗan abin da ake kashewa a motocin manya ne, shekara hamsin a jere, da yanzu wata maganar muke yi. Kuma da soja ma ya amfana, don sansanin da ke tsakiyar daji da wutar rana yake cajin rediyonsa, ba sai ya jira tankar gazuwal da za a yi wa kwanton ɓauna a hanya ba.

Akwai kuma maganar da mutane ba su son a taɓo, ta sirri. Duk kuɗin da aka lulluɓe da sunan sirrin tsaro, ido ba ya kai masa. A 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna cewa kimanin miliyar 76 na sefa, wato biliyan 76, sun salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a daidai shekarun da ake kashe yaranmu a Inates. Wanda ya fi kowa cutuwa da wannan shi ne sojan da ke bakin daga. Ba ina cewa aikin farar hula ba a sata a cikinsa ba ne, Allah ya sani ana yi. Amma pampo ba ya ɓoyuwa: ko ya kawo ruwa ko bai kawo ba, tsohuwar da ke layi ita ce mai bincike. Tun da aka kafa asusun ceton ƙasa a ƙarshen 2023, ana cirar ɗan wani abu a kuɗin wayarmu, kuma mutane da yawa sun bayar da zuciya ɗaya, har da talakawan da suka kai abin da ya fi ƙarfinsu. Wanda ya zuba adashi kuwa yana da bakin tambayar ina kwasa ta tsaya, kuma tambayar ba rashin kishin ƙasa ba ce.

A Satumban 2024 ƙasashe uku na ƙawancen Sahel, AES, wato Mali da Burkina Faso da Nijar, sun sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan taurarin ɗan'adam na sadarwa da na sa ido. A nan ne za a gane ko an ɗauki darasi. Tauraron da ke ganin ayarin babura a iyaka shi ne ke ganin hadari yana haɗuwa, da tafkin da ya ƙafe, da inda ciyawa ta rage wa makiyaya, da hanyar da fari suka biyo. A watan da aka sa hannun ne ruwan sama ya rushe tsohon masallacinmu na Birni da ya tsaya tun ƙarni na 19, a daminar da ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin ƙasar, ta shafi sama da miliyan ɗaya. Muna da cibiyar AGRHYMET a Yamai tun 1974, aikinta ke nan, karanta sama don amfanin manomi. Indiya, da ta kafa hukumar sararin samaniyarta a 1969 tana cikin talauci, a 1975 ta ari tauraron Amurka don kai darussan noma da lafiya ƙauyuka ta talabijin, kuma injiniyoyin da suka koyi aiki a wannan hukuma suna cikin waɗanda suka gina abin da sojanta ke taƙama da shi yanzu. In hotunan tauraronmu suka ƙare a cikin ofishi ɗaya mai gadi a ƙofa, ba a ba masu hasashen yanayi da malaman jami'a da ma'aikatan noma ba, to mun sake sayo wani akwatin ne a rufe, wannan karon ma ba a ƙasa yake ba balle mu leƙa.

A dubi kuma da me maƙiyin yake yaƙi. Babur na kasuwa, salula, ƙananan jiragen ɗaukar hoton biki da ake saya a shago a ɗaura musu abin fashewa. A Yukren tun 2022 an ga yadda ƙananan jirage masu arha, waɗanda masu gyaran kwamfuta da ɗalibai ke haɗawa, suke lalata tankokin miliyoyi. Irin wannan yaƙi hannu yake so da kai. Ka shiga kasuwar Dole ka tsaya wurin masu gyaran waya, ka ga yaron da bai wuce aji shida ba yana ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba da ɗan hantsaki, ya mayar da ita, wayar ta tashi. Ba wanda ya koya masa sai ubangidansa da YouTube. Waɗannan su ne maƙeran zamaninmu, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ƙidaya su, balle ya tambaye su me suke bukata.

Don haka ni ban ce a rage wa soja harsashi a ba makaranta alli ba. Na ce duk kwangilar makami da za a sa wa hannu, a rubuta a cikinta cewa a nan za a riƙa gyara, ƴaƴanmu ne za su yi, kuma a koya musu har ciki, ba goge ƙura da canza taya ba. Mun ga yadda rashin wannan sharaɗi yake a matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda ta fara aiki a 2011 tana tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na Sinawa, 40 namu: shekara goma sha wani abu ana ta kai ruwa rana kan matsayi da albashin ma'aikatan gida. Na kuma ce a yanki wani kaso tsayayye daga kuɗin da ake kira na fasahar tsaro a kai shi Jami'ar André Salifou da makarantun koyon sana'a, a sayi kayan ɗakin gwaji, a biya malamai, a ba ɗalibai matsalolin gaske su warware, na bariki da na gona. Tun 2006 ƙasashen Afirka suka yi wa kansu alkawarin kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikinsu a bincike, kuma kusan duka har yau ba su cika ba. Manyan ƙasashe suna iya yin facaka, duniya ta kashe dala biliyan 2,718 a harkar soja a 2024 kaɗai. Mu ba mu da wannan sararin. Ko Tarayyar Sobiyet, da rokokinta da bama-bamanta, sai da ta je sayen alkama a Amurka a 1972.

Na san amsar da za a ba ni: injiniya shekara goma ake yi ana renonsa, ɗan ta'adda kuwa yau da dare zai zo. Haka ne. Amma wannan amsar aka ba mu a 2015, ita aka ba mu a 2020, kuma da an fara tun ranar, yaran da suka shiga jami'a lokacin harin Bosso yanzu su ne manyan ma'aikata.

Wajen ƙarfe uku pampo ya yi tari, ya tofar da iska, sannan ruwa ya fara zuwa siriri. Layi ya motsa, hayaniya ta tashi. Baba, wanda na ɗauka barci ya ɗauke shi a kujera, sai ya gyara zama ya ce da ni, "Malam, ka san abin da ya fi ba mu wahala a can? Ba harbi ba ne. Mota ce mai sulke, sabuwa fil, ta yi wata da watanni a ajiye saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannuna ba, ana jiran a aiko daga waje. Ƙarshenta wani bakanike ne a cikin gari ya duba, ya je ya yanko irinsa." Ya juya wajen ɗan yayata. "Kai da ka yi karatun wuta, in an kawo maka na jirgin nan, za ka iya?"

Yaron ya ce, "Baba, in an bar ni na buɗe."

Uwarsa ta ƙwala masa kira daga bakin pampo, ya tashi ya tura babur ɗin ya je ɗauko bidon.